Kwana Arba'in a Gidan Gwaggo Ige

Da sunan Allah nake ci gaba, shi ne ya ara mini kwanakin da zan zauna in rubuta muku wannan. Na san a cikinku akwai waɗanda suka taɓa jin tsofaffin Tsafe suna kirana "Ladan mai ciki", kuka ji haushi amma kunya ta hana ku tambayata. Akwai kuma waɗanda aka gaya wa cewa ƙwace mini ladanci aka yi da asiri. Maganganun biyu tushensu ɗaya, kuma ba yadda aka ba ku labarin yake ba. Ku saurara ku ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, titin jirgi bai iso Gusau ba tukuna. Mahaifina ya rasu ya bar mini kiran salla a masallacin unguwarmu. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya. In na hau tudun da ke gefen masallaci na yi kira, mutanen da ke gonaki bayan duwatsu sukan ajiye fartanya. Da rana ɗinkin riguna nake yi a zaure, a duƙe tun hantsi har la'asar, goro ba ya barin bakina, garin taba kuma yana cikin aljihu. Ba na cin tuwon dare sai an yi lisha kowa ya watse, sannan uwarku Kulu ta kawo mini akushi cike da tuwon dawa, man shanu yana iyo a kan miya, barkono kamar an yi gardama. In na share shi in sha ruwa, sai in miƙe a shimfiɗa, don ladan ba ya son asuba ta riske shi yana barci. Haka na ga mahaifina yana yi, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Abin ya fara ne da zafi a ƙahon zuciya, kamar an ajiye garwashi. Daga nan sai wani ruwa mai tsami da ɗaci ya riƙa taso mini har maƙogwaro, ga gyatsa mai wari, ga kumburin ciki ko da loma biyu na ci. Ƙwannafi ne, kowa ya san shi, na ce zai wuce. Bai wuce ba. Da damina ta tsaya sai tari ya shigo, muryata ta fara disashewa. Wata asuba na hau tudu na buɗe baki, abin da ya fito ko wanda ke alwala a ƙasa bai ji ba. Liman ya ce Haruna ya riƙa kira kafin in warke. Haruna ɗan ƙanen mahaifina ne, tare muka yi karatun allo, mutum ne marar yawan magana, muryarsa kuma ba ta kai tawa nisa ba amma tana da daɗi.

An yi mini duk abin da aka sani. Na sha rubutu, na sha saiwoyi masu ɗaci, wanzami ya yi mini ƙaho a ƙirji, ya kuma yanke mini beli. Babu abin da ya canza sai rama. Ana cikin haka mahaifiyata ta tuna cewa ranar sunan ɗan Haruna shi da hannunsa ya miƙo mini ƙwaryar fura, kuma bayan nan da 'yan kwanaki ciwon ya tsananta. Ta zauna a ƙofar ɗakina ta ce:

"Ciwon da ya bar ƙafa, ya bar ido, ya tafi kai tsaye ya kama murya, ai aiko shi aka yi. Wa ya ci ribar muryarka? Ka duba wanda ke kan tudun ubanka."

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika unguwa. Mutane suka daina sa hannu a akushi ɗaya da Haruna. Matarsa in ta je rijiya sai mata su yi shiru har ta ɗebo ta tafi. Wasu suka koma wani masallaci don kada su amsa kiransa. Ni kuma, abin da nake so ku sani ke nan, na yarda. Ya zo gaishe ni sau uku, sau uku ina juya masa baya.

Kulu ce ta kawo maganar gwaggonta. Gwaggo Ige yayar mahaifinta ce, tana zaune a Bungudu, unguwarzoma ce, tana kuma sayar da kanwa. Kulu ta ce lokacin da take da cikin yayarku ta farko irin wannan zafin ya dame ta, kuma gwaggon ta raba ta da shi ba da wani magani mai yawa ba. Na ce mata:

"Yanzu ni, ladan, ɗan ladan, in tafi wurin mai karɓar haihuwa? Ciki gare ni?"

Ta ce, "Malam, ban ce ciki gare ka ba. Na ce yadda kake faɗin ciwonka, haka na faɗi nawa. In sammu ne, to, ni wa ya yi mini?"

Na kwana biyu ban yi mata magana ba. Amma tambayar ta ƙi barina. Mahaifiyata ta ce in na tafi na bar wa Haruna tudu ba zan sake hawansa ba, kuma gari zai yi mini dariya. Ta faɗi gaskiya duka biyun. Duk da haka na ɗaure jaki, ni da Kulu muka kama hanya, muka ratsa ta Damba, muka kwana a Gusau wurin wani falke abokin mahaifina, washegari da azahar muka shiga Bungudu.

Gwaggo Ige gajera ce, baƙa, idonta ɗaya ya yi fari. Na zaci zan tarar da layu da ƙullin magani a rataye. Abin da na tarar shi ne tulin kanwa a kan tabarma, ƙoƙuna ƙanana jere a jikin bango, da wata akuya mai tsohon ciki. Ba ta ba ni komai na sha ba ranar. Kwana uku tana tambayata kawai. Yaushe zafin ke tasowa, kafin ci ko bayan ci? In na ci abinci yana lafawa ko yana ƙaruwa? Loma tana wucewa ko tana tsayawa a hanya? Na taɓa amai da jini? Bayan gidana ya taɓa yin baƙi? Ta wane gefe nake kwanciya? Har tazugen wandona sai da ta sa Kulu ta duba mata yadda nake ɗaure shi. Da na gaji na ce mata ni magani na zo nema, ba hira ba. Ta dube ni da idon nan mai kyau ta ce:

"Malam, ciwon ciki ba guda ba ne. Akwai mai tasowa sama in an ƙoshi, akwai mai cizo in ana jin yunwa, akwai wanda abinci ke tsaya ma mutum a ƙirji yana ta ƙarewa. In ban san wane na naka ba, mi zan ba ka? Wanda yab ba ka magani bai tambaye ka ba, sa'a yaka nema da cikinka."

Rana ta huɗu da safe ta nuna mini abin da har yau in na tuna nake jinjina mata. Tun daren jiya ta ba ni ƙaramin ƙoƙo ta ce in ruwan nan mai tsami ya taso kada in haɗiye, in tofa a ciki. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwan soɓorodo, wanda ku yanzu kuke ce wa zoɓo, ja wur. Ta ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan, nan take ya rine ya koma baƙi-baƙi mai duhun kore. Ta raba shi ƙoƙo uku. A na farko ta zuba ruwan tsamiya, ya dawo ja. A na biyu ta sa Kulu ta tofa yawu, bai motsa ba. A na uku ta juye abin da na tofa. Ina kallo, wallahi, ya fara washewa daga tsakiya har ya dawo ja kamar na tsamiyar.

Ta ce, "Ka gani? Abin da ke taso maka ɗan'uwan tsamiya ne, ya ma fi ta ƙarfi. Kowa na da shi cikin tumbi, shi ka dahe abinci. Can ƙasa gidanshi ne, ba ya ɓarna. In ya hau sama sai shi ƙone hanya, kuma hanyar murya tana nan kusa."

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu kowa. Wata rana tana budurwa kanwa ta faɗa mata cikin soɓorodo ya ɓaci, uwarta ta gyara shi da tsamiya, abin ya tsaya mata a rai. Bayan ta fara karɓar haihuwa ta ga mata masu tsohon ciki kusan duk suna kukan ƙwannafi, kuma da sun haihu sai ya tafi. Ta ce a ranta, ashe ɗan ne ke turo tumbi sama. Sai ta fara lura da maza masu teɓa, da masu ɗaure ɗamara tamau, da masaƙa da maɗinka masu wuni a duƙe. Shekara fiye da talatin tana kallo, tana tambaya, tana gwadawa a kanta kafin ta gwada a kan wani.

Daga nan muka shiga aiki. Ta ba ni tukunya ƙarama da wake fari da 'ya'yan tsamiya. Kowace safiya, in na kwana lafiya in jefa wake, in zafi ya tashe ni in jefa ɗan tsamiya. Sharaɗinta guda ne: abu ɗaya za a canza a mako, ba biyu ba. Na ce me zai hana a hana ni komai gaba ɗaya in huta? Ta ce in ta hana ni abu goma na warke, ba ni ba ita ba wanda zai san wanne ne mai laifi, sai in ƙare rayuwata ina tsoron abu tara da ba su yi mini komai ba.

Makon farko ta ɗauke goro da taba. Na sha wuya, kaina kamar zai tsage, kuma da aka juye tukunya wake biyu ne kacal. Mako na biyu ta dawo da tuwon dare kafin magariba, ta rage shi rabi, ta ce in na ci in zaga har bakin gulbi in dawo, kada in kwanta sai abinci ya sauka. Wake huɗu. Mako na uku ta sa aka ɗaga kan gadon kara da tubali biyu, ta ce in kwanta ta hagu. Nan muka yi gardama, don na ce mata ni malami ne, kwanciya ta dama aka koya mana.

Ta ce, "Ban hana ka ba. Ka kwanta ta dama, ka yi addu'arka ka ƙare, kan nan ka juya. Ni dai mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa sun ce mani hagu ta fi musu sauƙi. Ban san dalili ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba."

A makon nan wake shida na jefa. Game da kanwa kuwa, ita da take sayar da ita, ita ce ta fi kowa tsoronta. Ɗan gutsure kamar ƙwayar dawa take jiƙawa a ludayin ruwa, sai zafi ya yi tsanani take ba ni. Ta ce kanwa tana kashe wutar nan take amma ba ta hana ta sake kamawa, kuma ta ga waɗanda suka mai da ita abin sha kullum ƙafafunsu suka kumbura. Ina nan aka kawo mata wani dattijo makiyayi daga rugar da ke hayin gulbi, ya rame, ko fura ba ta wuce masa sai da ƙyar. Ta yi masa tambayoyinta, sannan ta gaya wa 'ya'yansa a fili cewa wannan ba irin wanda take iyawa ba ne. Ta koya musu yadda za su dama masa kunu ruwa-ruwa su ba shi kaɗan-kaɗan yana zaune, ta ƙi karɓar ɗan maraƙin da suka zo da shi. Ranar ban ga ta ci abinci ba.

A mako na biyar tari ya tafi. Wata la'asar ina bakin gulbi ni kaɗai na gwada kira a hankali, murya ta fito, siririya amma tawa ce. Na dawo gida da sauri kamar yaro, na ce wa Kulu ta haɗa kaya. Gwaggo Ige ta ce saura abu ɗaya. Ranar ta sa aka cire tubalan, ta hana ni abinci har bayan lisha, sannan ta aiko mini da akushi irin na gida, tuwo tsibi guda, man shanu da barkono, da goro biyu a gefe. Ta ce in cinye in kwanta nan take. Na zaci walimar sallama ce. Da safe na fito riƙe da ƙirji, maƙogwarona kamar an goga masa ƙaya, muryar da na samu jiya ta koma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ashe mugunta ta tara ni ta yi mini. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce:

"Haruna na nan Bungudu?"

Na ce a'a.

"Shi yad dama maka wani abu jiya?"

Na sake cewa a'a.

"To, ni na kori ciwon nan, ni na kira shi ya dawo, gobe kuma in Allah ya so mu sake korar shi. Wane irin sammu ne ka jin tsoron tubali biyu? Na san ka sha wuya, ka yahe mani. Amma da na bar ka ka tahi hakanan, cewa za ka yi nisan da ka yi da Haruna ne yas sa ka warke."

Na zauna a kan turmi. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne Haruna tsaye a ƙofar zaurena yana sallama, ni kuma ina kallon bango. Kulu ba ta taɓa gaya mata sunansa a gabana ba, ashe tun ranar da muka zo ta ba ta labarin duka, kuma tsohuwar nan ta riƙe shi a ranta kwana talatin da biyar tana jiran ranar da zan iya ganin abin da idona.

Muka cika kwana arba'in muka koma Tsafe. Mahaifiyata ta ji muryata ta yi guɗa, ta ce gobe in je in karɓi tudun ubana. Washegari bayan sallar la'asar, kafin mutane su watse, na miƙe na roƙi Liman izinin magana. Na ce babu wanda ya yi mini komai. Na ce ciwona tuwon dare ne da goro da kwanciya a kan ƙoshi, irin wanda ke kama mata masu ciki, kuma unguwarzoma ce ta gano shi. Wani daga baya ya ce, "Ashe ladan ciki ya yi!" Masallaci ya ɗauki dariya, sunan da ya bi ni ke nan har tsufa. Na jira suka gama. Sannan na juya wurin Haruna na ce na zalunce shi, ya yafe mini, kuma ladanci nasa ne, don ya riƙe shi a lokacin da ake tofa masa yawu, ni kuwa ban cancanci in karɓa daga hannunsa ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya miƙo mini hannu.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Mahaifiyata ta yi wata uku ba ta cin abincin da Kulu ta dafa, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina cewa an ƙwace gadon mijinta ba. Tsakanina da Haruna gaisuwa ta dawo, zumunci ya dawo, amma hirar da muke yi muna samari ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu na kwashe ku muka koma Sabon Gari a Gusau da ɗinkina. Muryata ta warke, sai dai ba ta sake kaiwa bayan duwatsu ba.

Muna Gusau, wata rana da hantsi wani mai jakunan kanwa ya yi sallama a rumfata, ya ce daga Bungudu yake, Gwaggo Ige ta ba shi saƙo. A cikin abin da ta sallame ni da shi akwai cewa in zafi ya taso in kurɓi madarar shanu mai ɗumi, kuma ina yi. Mutumin ya tsaya ya karanto saƙon kamar yadda aka sa shi ya haddace:

"Ta ce a gaya ma Ladan ta yi kuskure wajen madara. Tana kwantar da zafi nan take, amma ga wasu yana dawowa fiye da da. Ta gani ga mutum huɗu bayan tahiyarka. Ta ce ka gwada mako guda babu ita, ka ƙirga, kada ka yarda da maganarta sai ka gani."

Na yi dariya, na ce ya gaishe ta, ya ce mata ina nan tafe da sallar layya. Sai ya sauke kai ya ce ai Gwaggo ta rasu, yau kwana tara. Tana kwance ciwon ajali ta sa aka kira shi, ta lissafa masa mutum bakwai da ta taɓa gaya wa maganar madara, daga Bungudu har Tsafe, ta sa ya yi mata alkawarin zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na biyar. Na ce ya zauna ya sha ruwa, ya ce a'a, rana tana yi, kuma saura mutum biyu.